Kanarin Yokshaya a zafin Yamai: ƙwai huɗu, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba

Baban Rakiya, Yantala:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu kiwo. Shawara nake nema, kuma raina a ɓace yake. A watan Janairu ƙanena da ke zaune a Beljik ya zo ganin gida, ya kawo mini kanari biyu, mace da namiji, irin manyan nan da ake kira Yokshaya. Sun zo da takardun likitan dabbobi, kowanne da zobe a ƙafa mai ɗauke da shekarar da aka ƙyanƙyashe shi. Shekarata goma sha ɗaya ina kiwon ƙananan kanari da tantabaru, ban taɓa riƙe tsuntsu irin wannan ba. Namijin da hannuna na auna shi, daga baki zuwa ƙarshen wutsiya santimita 17 da ɗan ɗori. In ya hau sanda ya miƙe sai ka ce soja a fareti: kai cike, kafaɗa a sama, jiki yana tsukewa har wutsiya kamar karas.

Ƙarshen Maris na haɗa su. Macen ta yi sheƙa, ta saka ƙwai huɗu, ta kwanta a kansu. Na san kwana 13 zuwa 14 ne, na bar ta har 17, shiru. Da na fasa, uku ruwa ne zalla, ɗaya kuma ya fara jini ya tsaya. Namijin tun farkon Afrilu in azahar ta yi sai ya buɗe baki yana haki, fukafukai a sake. Ya daina kuka. Yanzu kullum da safe sai na share gashi a ƙasan keji. Ina kuskurena? Ƙanena ya ce a can ana kai su gasa alƙali ya ba su maki, burina ke nan in samu ɗiyansu mu fara irin wannan a Yamai.

Dogo Mai Tantabara, Bukoki:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Kafin kowa ya ce komai, a ina kejin yake? Ɗaki ko baranda? Rufin kwano ne ko na siminti?

Baban Rakiya, Yantala:
Ɗaki ne a bayan gida, rufin kwano. Akwai fanka, amma kun san halin wuta a bazara. Ranar da na rataya ma'aunin zafi a jikin kejin, da ƙarfe uku na rana 43 ya nuna.

Dogo Mai Tantabara, Bukoki:
To ai ga amsar nan a bakinka. Ƙwai a ƙarƙashin uwa ɗumin da yake so bai wuce 37 zuwa 38 ba. In ɗakin kansa ya kai 43, da me za ta sanyaya shi? Tantabaruna ma da aka haifa a nan, Afrilu da Mayu raba su nake, don ƴan shilan wannan lokaci ba sa yin auki.

Alhaji na Tawa:
Ɗana Baban Rakiya, ka yi haƙuri in hwaɗa maka abin da ba ka son ji. Na hi shekara talatin da kanari cikin gidana. Namu na daji, mai toka-toka da hwari a gindin wutsiya, da ɗan uwansa mai rawayan goshi. Hatsi nike ba su, da ruwa, da ɗan ganyen salati, kuma tun asuba suna kuka har cikin tsakiyar bazara. Wannan naka an yi shi ne don ƙasar da ake hura wuta cikin ɗaki rabin shekara. Gashin da kake yabo bargo ne a jikinshi.

Mu nan Adar mun ga waɗanda suka yi sha'awar shanun Turai masu baƙi da hwari. Ana lissahin nono, rani na yi sai saniya ta laɓe a inuwa tana haki, Azawak kuwa tana can tana kiwonta. Tsuntsun da ke buɗe baki da azahar wahala shike sha, kuma kai ka tsare shi, ba shi da inda za shi. In da hali ka maida ma ƙanenka abinshi.

Malam na Talaje:
Maganar Alhaji ta amana gaskiya ce. Riƙe tsuntsu a keji malamai sun halatta shi, suna kafa hujja da ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsunsa yana wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana ba, har yana tambayarsa labarinsa. Sharaɗin shi ne ci da sha da rashin cutarwa, kuma kowa ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa. Saboda haka abin da za a duba shi ne, za ka iya kawar masa da wannan wahalar ko ba za ka iya ba. Wannan kuma masu sanin kiwo za su faɗa, ba ni ba.

Baƙon Liyej:
Alhaji ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Ni ɗan Gamkale ne, shekarata tara a birnin Liyej na Beljik, ina cikin ƙungiyar masu kiwon kanari ta unguwarmu, kuma Yokshaya nake riƙewa. Kan gashi kun yi gaskiya, ba musu. Amma a ba ni dama in ƙara wani abu.

Asalin kanarin gida duka tsuntsun tsibiran Kanariya ne da Madera da Azores, cikin teku yamma da Maroko da Portugal, ƙasa mai matsakaicin yanayi. Turawa ne suka yi ta zaɓe ɗaruruwan shekaru har suka fitar da iri-iri. Wasu don murya, kamar Malinwa na nan Beljik da Harz na Jamus. Wasu don launi. Wasu don siffa da tsayuwa, a nan Yokshaya yake. Ma'aikatan masaƙu na yankin Biradfod a arewacin Ingila suka ƙirƙiro shi a ƙarni na 19, suka haɗa irin kanari uku: Lankashaya don tsawo, da tsohon kanarin Beljik don tsayuwa, da Norwic don gashi da launi. Ƙungiyarsa an kafa ta tun 1894. A zamanin farko siriri ake so, har ana cewa nagari shi ne wanda zai ratsa ta cikin zoben aure. Na yanzu ya fi kauri nesa ba kusa ba, shi ya sa zafi ya fi damunsa.

Abin da nake gani ya faru da Baban Rakiya ya wuce zafi kaɗai. Kanari da tsawon yini yake gane lokaci. A nan Disamba yini awa 8 ne, Yuni ya haura awa 16. In yini ya ƙaru a hankali ya kai wajen awa 14 sai jikinsu ya ce lokacin aure ya yi, in ya fara raguwa sai su zubar da gashi. Waɗannan an ɗauko su daga yinin awa 8 da sanyi, dare ɗaya aka sauke su a yinin da ya haura awa 11. Macen ta ruɗu ta yi ƙwai, namijin bai gama shiri ba. Ƙwai ukun da ka ga ruwa zalla ba zafi ya kashe su ba, tun farko babu ɗa a ciki. Na huɗun ne zafi ya kashe.

Ɗalibi, Harobanda:
Yaya na Liyej, na duba jadawalin fitowar rana da faɗuwarta na Yamai. Yini mafi tsawo a Yuni bai cika awa 13 ba, mafi gajarta a Disamba awa 11 da kusan minti 20. Ke nan awa 14 ɗin nan ba ma taɓa samunta a nan?

Baƙon Liyej:
Ba ku samunta ƙanena, sai da fitila. Mu ma da muke son ɗiya da wuri fitila muke sawa da agogon da ke kunna ta da kansa. Ana ƙara minti 15 zuwa 30 a mako, ba a yi gaba ɗaya. Kuma da asuba ake ƙarawa, don in da dare ne fitila ta mutu farat ɗaya, uwa tana iya kasancewa a wajen sheƙa ta kasa komawa, ƙwai ya kwana a buɗe. Ƙananan kanarin da aka daɗe ana haifa a nan sun saba, suna yi a awa 12 da wani abu. Manyan da suka zo jiya ba su saba ba. Amfanin dogon yini kuma ba aure kaɗai ba ne, uwa tana samun lokacin ciyar da ɗiya, dare kuma ba ya yi musu tsawo da yunwa.

Ni da zan riƙe su a Yamai, kalandar zan juya. In fara ƙara haske a Oktoba, in haɗa su a Disamba, in raba su kafin ƙarshen Fabrairu. Su yi ƙwai zagaye biyu, a tsaya.

Maman Fa'iza, likitar dabbobi:
Sannunku. Na karanta duka. Baban Rakiya, kafin maganar aure a ceci tsuntsun tukuna. Ka fitar da su daga ɗakin kwanon nan yau. In akwai ɗakin ƙasa ko na siminti mai kauri, can. Kejin ya sauko ƙasa-ƙasa, zafi sama yake taruwa. Ka rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gefe ɗaya, iska ta ratsa ta cikinsa, amma kada fanka ta riƙa bugun tsuntsu kai tsaye. Ruwan wanka a faranti mara zurfi sau biyu a yini, ruwan sha a canza shi da azahar don ya riga ya zama ruwan zafi. Abincin ƙwai, wato wanda ake haɗa musu da dafaffen ƙwai, kada ya wuce awa biyu a keji a wannan yanayi, lalacewa yake. Ka rage musu tsaba masu mai a cikin abinci. Kada ka sake sa musu sheƙa bana, a bar su su gama sake gashi, abin yakan ɗauki mako shida zuwa takwas, kuma tsuntsu mai sake gashi ba ya kuka, wannan kada ya tayar maka da hankali.

Abu ɗaya nake so ka yi da dare in gari ya yi tsit: kai kunnenka kusa da shi. In ka ji ƙas-ƙas ko wani ɗan fito a numfashinsa, to akwai yiwuwar ƙananan ƙwarin da ke shiga hanyar iska ne, wannan da magani, amma a kawo a gani, kada a ɗiga na tumaki da ka. Na sha ganin tsuntsun da maganin ya kashe saboda an yi masa awon rago.

Sai dai ban gamsu da Disamba ɗari bisa ɗari ba. Hunturu busasshe ne ƙwarai, kuma ga ƙura. Ɗan tsuntsu yana buƙatar laima lokacin fasa ƙwai, in babu sai fatar cikin ƙwan ta bushe ta manne masa, ya mutu da bakinsa a waje. Masu injin ƙyanƙyasar kaji a nan duk sun san wannan.

Dogo Mai Tantabara, Bukoki:
To Hajiya me zai hana damina? Yuli da Agusta ga laima, ga sauƙin zafi, ga yini ya fi tsawo. Tsuntsayen daji ma ai lokacin suke yi.

Maman Fa'iza, likitar dabbobi:
Sauro, Malam Dogo. Kanari na da ƙyandarsa, dangin wadda ke fito wa kaji a ido da baki, sauro ke ɗaukarta, kuma in ta shiga ɗaki tana iya share shi. A Turai akwai rigakafinta. Ban da haka hatsi na yin fumfuna a damina, sheƙa na jiƙewa, ƙuma na yawa. In za a yi damina sai ɗaki mai raga a kowace taga, ragar da sauro ba ya ratsawa. In an tambaye ni wanne ya fi sauƙin gyara, bushewar hunturu ta fi: randa biyu cike da ruwa a ɗakin, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a ba uwa wanka a kwana na 12 da na 13 ta koma kan ƙwai da ɗan danshi a ƙirjinta. Abin da ya rage mini a rai shi ne ɗiyan Janairu za su yi sakin gashinsu na fari a Maris da Afrilu, daidai bakin wuta.

Alhaji na Tawa:
Kun ji ko? Fitila, agogo, randa, raga, buhu. Duk don tsuntsun da ko kuka bai iya kamar namu ba. Ni ban ce haramun ne ba, Malam ya yi bayani. Amma ranar da wuta ta ɗauke awa shida cikin Mayu, kana kasuwa, wa ke tsaye kanshi?

Baban Rakiya, Yantala:
Baba Alhaji, tambayar nan ta tsaya mini a rai tun jiya. Gaskiya ban shirya musu ba, murna ce ta ɗebe ni. Da Hajiya ta yi magana na kwashe su zuwa tsohon ɗakin mahaifiyata, na ƙasa ne, ga dogon yaro ya yi masa inuwa. Yau da ƙarfe uku ma'aunin ya nuna 35. Na zauna na kalle shi kusan awa guda. Ya shiga farantin ruwa ya yi wanka har ya jiƙa bangon, ya hau sanda yana gyaran gashi ɗaya-ɗaya da baki, bakin a rufe. Na saurara da dare, ban ji komai a numfashinsa ba. Ina da sola ƙarama ta shago, zan ƙara batir in mayar da ita can da na'urar sanyaya iska mai ruwa. In duk da haka ya koma haki, na yi alkawari a gaban group ɗin nan zan nemi wanda ke da ɗaki mai sanyi in ba shi kyauta. Ba zan bar shi ya mutu don burina ba.

Amma Baba, kuka ba shi na nema a wurinsa ba. Kamar ragon Balami ne, mai shi ba don nama kaɗai yake tsayawa yana kallonsa ba.

Alhaji na Tawa:
Wannan magana ta shiga. Allah shi ba ka iko.

Dogo Mai Tantabara, Bukoki:
Ni ga tawa dabarar. Ka haɗa namijin da ƙananan matanka da suka saba da nan. Ɗiyan su ɗauko girman uba da juriyar uwa. Haka muka yi da tantabarun waje, yanzu ga su nan cike da gari.

Baƙon Liyej:
Yaya Dogo, za a samu tsuntsu mai kyau a gida, amma ba Yokshaya ba ne kuma, alƙali kallo ɗaya zai yi masa ya wuce. Tsawo yana dawowa da wuya, tsayuwa ta fi wuya. Ku dubi Lankashaya, wanda ya fi kowane kanarin Ingila tsawo, ya haura santimita 20. An yi ta zuba jininsa cikin wasu iri har ya ɓace a wajen yaƙin duniya na biyu, sai daga baya aka zauna aka sake gina shi daga jikokinsa, shekaru ana fama. Mu da muke da biyu tak a Yamai, in muka gauraya a shekarar farko, shi ke nan.

Inda ƙananan matan za su yi amfani shi ne reno. Manyan iri wani lokaci ba su iya ciyarwa sosai ba. Sai ka haɗa ƙananan a lokaci ɗaya da manyan, in ta kama ka ɗauke ƙwan Yokshaya ka sa wa ƙaramar. Kuma tunda mace ƙwai ɗaya take sakawa kowace safiya, ka riƙa ɗauke shi da cokali ka ajiye cikin kwano mai gero, ka sa mata na roba, ranar na huɗu ka mayar mata duka, don su fashe rana ɗaya, babba kada ya danne ƙarami. Bayan kwana shida ka haska ƙwan da fitilar salula, mai ɗa za ka ga jijiyoyi ja, ba sai ka jira kwana 17 ba.

Wani abin da ke kawo ƙwai ba ɗa a manyan iri: gashin da ke kewaye da dubura ya yi yawa. Muna rage shi da almakashi ga mace da namiji kafin haɗi, amma ƴan siraran da ke daidai bakin wurin ba a taɓa su.

Dogo Mai Tantabara, Bukoki:
Na ji, amma ban sauka daga ra'ayina ba. Su Turawan ai da gauraye suka samo shi, kai ka faɗa da bakinka, iri uku suka haɗa. Me zai hana mu fitar da namu babban kanari mai jure zafi, ko da zai ci shekara ashirin? In ya so a kira shi na Yamai.

Baƙon Liyej:
Wannan buri ne mai kyau, kuma ba na raina shi. Sharaɗinsa a samu tsantsar irin a gefe tukuna, da littafin da ake rubuta wa ya haifi wa. In Baban Rakiya ya samu maza biyu ko uku, ɗaya ya zo hannunka ka gwada.

Ɗalibi, Harobanda:
Tambaya kan abinci. A buhun da na gani an rubuta alpist, nabet, da wani baƙin iri siriri wai shi nijer. Daga ƙasarmu ake kai shi?

Maman Fa'iza, likitar dabbobi:
Suna ne kawai ɗana. Asalinsa Habasha, can da Indiya ake nomansa don mai. Alpist kuma, wanda shi ne gindin abincinsu, Kanada ce kan gaba wajen fitar da shi. Nijer da nabet mai ne da su sosai, a ƙasar sanyi suna da amfani, a bazararmu a rage. Gero na iya shiga cikin haɗin amma shi kaɗai ba ya riƙe babban kanari, musamman lokacin gashi, don gashi furotin ne. Dafaffen ƙwai da garin busasshen burodi, ganyen zogale kaɗan, salati da aka wanke sosai saboda maganin ƙwari na lambu, karas, da ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka. Avoka kada ta kusance su, guba ce gare su.

Baban Rakiya, Yantala:
Ƙanena ya bar mini wani jan gari a ƙaramin gwangwani, ya ce na launi ne. Tsoro ya hana ni ba su.

Baƙon Liyej:
Na launi ne, kuma yanzu ne lokacinsa tunda gashi ya fara zuba. Launi yana shiga gashi ne lokacin da yake tsirowa, in ya gama fitowa an rufe ƙofa sai baɗi. Yokshaya da Norwic an yarda a ciyar da su launi don rawayan ya koma ruwan lemu. Ɗan kaɗan ake sawa cikin abincin ƙwai, kullum daidai wa daida, in ka yi yau ka tsallake gobe tsuntsu zai fito dabbare-dabbare. Abin ya samo asali a Ingila wajen shekarun 1870, wasu suka riƙa kawo Norwic masu launin da ba a saba gani ba, aka zarge su da rini, ashe jan barkono suke ba su. Tsuntsu ba ya jin yajin barkono. Na taɓa tunanin garin tattasan Difa zai yi wannan aiki, tunda da irinsa aka fara, sai dai ba zai kai na gwangwani ƙarfi ba. Amma bana da jikinsa bai yi ƙwari ba, in ka bar shi ma ba laifi, lafiya ta fi launi maki.

Tunda an zo maganar maki, ga yadda ake raba 100 ɗin: tsayuwa 25, gashi 25, kai 20, jiki 10, girma 10, lafiya da tsabta 10. Ku lura girma 10 ne kacal. Mutane na ɗauka wanda ya fi tsawo shi ke ci, ba haka ba ne. Tsayuwar da ake so kamar hannun agogo ne a ƙarfe bakwai da minti biyar, kai da wutsiya a layi ɗaya, ƙafafu dogaye ba a buɗe ba, fukafukai a kwance kan baya ba su haɗe kamar almakashi ba. Gashi ya kwanta lif kamar an shafa mai. Shi ya sa ake haɗa mai gajeren gashi mai kaifin launi da mai dogon gashi mai farin baki-baki. In ka yi ta haɗa masu dogon gashi da juna don neman girma, sai ɗiya su fara ƙullutu a fata, gashin ya kasa hudowa ya dunƙule a ciki.

Kejin gasa na waya ne ko'ina a buɗe, sanda ɗaya a sama, tsuntsu ba shi da wurin ɓuya, don haka sai an koya masa. Tun yana ɗan mako biyar ko shida nake rataya kejin a ƙofar nasa da ɗan ganye a ciki, ya shiga ya fita da kansa. Daga baya in rufe shi minti goma, in ɗauki kejin in zaga da shi, in sa hula, in cire, in kira yara su wuce. Wanda bai saba ba yana ganin alƙali zai kwanta kan sanda ko ya yi ta dukan waya, wutsiya ta karye, aikin shekara ya tafi. Ba a kama shi da hannu, da ɗan siririn kara ake nuna masa hanya.

Alhaji na Tawa:
To in za ku yi gasar, kada ku manta da namu. A ware rukunin kuka. Ina da wanda in ya hwara sai ka gaji da tsayuwa bai tsaya ba. Kuma a sa doka, wanda aka kamo daga daji jiya ba ya shiga, sai wanda ya daɗe a hannu. Masu tarko sun rage su ƙwarai, wuraren da nike jinsu da ina yaro yanzu shiru.

Maman Fa'iza, likitar dabbobi:
Na goyi bayan Alhaji. Kuma kafin a yi taron tsuntsaye a tuntuɓi ma'aikatar kiwo, kun san murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006 ta Magarya, kuma ta sake dawowa bayan nan. Kaji da tantabaru kada su haɗu da kanari a rumfa ɗaya. Wanda ya dawo daga taro a ware shi kamar wata guda kafin ya koma cikin ƴan uwansa, haka ma duk sabon da aka sayo.

Baƙon Liyej:
Zobe kuma. In ana son gasa ta gaskiya sai da rufaffen zobe, wanda ake zura wa ɗa yana kwana shida ko bakwai, bayan nan ƙafa ta girma ba ya shiga ba ya fita. Shi ne shaidar kai ka haifa, ba sayowa ka yi ba. Na Yokshaya ya fi na ƙananan kanari faɗi kaɗan. Zan zo gida a Nuwamba in Allah ya yarda, zan taho da zobba da kejin gasa ɗaya.

Dogo Mai Tantabara, Bukoki:
Ɗaya ya isa. Akwai mai yi mini kejin tantabaru a kasuwar Katako, in ya ga samfur zai buga irinsa. Ka dai turo awon tsawo da faɗi da tazarar waya tun yanzu ya fara gwadawa.

Baban Rakiya, Yantala:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Yau kwana tara a ɗakin ƙasa. Sabon gashi ya fara hudowa a kan namijin kamar ƙananan allurai, macen ma ta fara zubarwa. Na cire sheƙa, na raba su keji biyu suna ganin juna. Garin launin na ajiye sai baɗi. Yaya na Liyej, in zan fara fitilar a Oktoba, daga ranar nawa zan fara, kuma ƙwan fitila mai farin haske ko mai ja-ja?

Baƙon Liyej:
Mai fari, wanda ba ya ƙyafta ido. Ranar kuma ta danganta da ranar da gashin ƙarshe na kai ya gama fita, don kai ne ke zuwa ƙarshe. In ya gama ka ba su wata biyu cur suna hutawa a hasken rana kawai. Ka turo mini hotonsa daga gefe, yana kan sanda, kowace Juma'a, sai mu ƙirga tare.